Amsa ga ɗan'uwan da ciwon baya ke sauka masa har ƙafa

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce kana tuƙa adaidaita sahu, ciwon ya fara ne bayan ka ɗaga buhun masara, yanzu sati uku yana taso maka daga ƙugu, ya bi ta mazaunin dama da bayan cinya har sha-raɓa, kuma an yi maka allurai a kemis amma bai daina ba.

Yadda ka kwatanta shi, ƙafarka lafiyarta ƙalau, a baya matsalar take. Ƙasusuwan ƙugu guda 5 ne, tsakanin kowane biyu akwai wani faifan guringuntsi mai tauri a waje, mai taushi a ciki. Idan mutum ya sunkuya ya ɗaga nauyi, musamman yana murɗa jiki, bayan faifan kan tsage, na cikin ya turo ya danne saiwar jijiya, wurin ya kumbura. Mafi yawanci a faifai biyu na can ƙasa hakan ke faruwa, waɗanda ake rubuta wa L4-L5 da L5-S1 a takardar asibiti. Daga nan jijiyar da ta fi kowace girma a jiki take fitowa, ta bi ta mazauni ta gangara har tafin ƙafa. Shi ya sa zugin ke bin layi ɗaya kamar jan wutar lantarki, tari ko atishawa ko yunƙurin bayan gida su ƙara shi, zama ya fi tsayuwa wahala.

Ka gwada wannan a gida. Kwanta rigingine, wani ya ɗaga maka ƙafar a miƙe sannu a hankali. Idan kafin ta yi nisa ka ji zugin ya harba ƙasa da gwiwa, alama ce cewa mai yiwuwa jijiya ce aka danne. Sannan ka tashi ka yi taku kaɗan a kan dunduniya, ka sake yi a kan yatsu. Idan ɗaya ya gagara, ƙarfin ƙafar ya fara raguwa, wannan na likita ne cikin kwanakin nan.

Ba kowa ne nasa faifai ba. Dattijon da ƙafafunsa ke nauyi in ya yi tafiya, ya samu sauƙi da ya zauna ko ya ɗan duƙa, yawanci hanyar jijiyoyin ce ta tsuke saboda shekaru. Mai sikila da ke jin ciwo a matsematsi yana ɗingishi, a duba ƙashin kwatangwalonsa. Wanda ciwonsa ya haɗu da rama, zazzaɓi da gumin dare, a binciki tarin fuka na ƙashin baya, domin har yanzu ana ganinsa a ƙasar nan. Akwai kuma wanda allura ce ta jawo masa: in aka soka ta a tsakiya ko ƙasan mazauni maimakon sama ta gefen waje, tana iya samun jijiyar nan kai tsaye. Don haka ka dakata da allurar kemis ɗin nan.

Galibin masu irin naka suna samun sauƙi cikin sati 4 zuwa 6, wasu har wata 3, ba tare da tiyata ba, saboda jiki da kansa yake tsotse abin da ya turo. Abin da ke ja wa mutane dogon jinya shi ne kwanciya. Kwana ɗaya ko biyu in ciwon ya yi tsanani ya isa. Bayan haka ka riƙa tafiya a fili mai laushi minti 5 zuwa 10, sau uku ko huɗu a rana, kana ƙarawa. Kada zama ya wuce minti 20 zuwa 30 ba ka miƙe ba. Ka naɗe tawul ka sa a kwarin bayanka in za ka zauna, ka cire walat daga aljihun baya. Tuƙi kam shi ne babban abokin gabarka yanzu, zama ga girgiza ga ramuka. In hali ya yi ka ba wani keken na sati biyu, in bai yi ba ka rage awanni, ka riƙa sauka kana takawa tsakanin lodi.

Motsa jiki guda ɗaya zan ba ka. Kwanta rub da ciki minti 2 zuwa 3. In ka jure, ka dogara a kan gwiwar hannu, daga baya ka tura ƙirji sama da tafin hannu, ƙugu na manne da ƙasa, sau 10, sau uku a rana. Ka lura da inda ciwon yake komawa. Idan ya janye daga sha-raɓa ya dawo cinya ko ƙugu, ko da na ƙugun ya ɗan ƙaru, kana kan hanya. Idan ya ƙara gangarawa ƙasa, ka bari, ba naka ba ne. Wajen barci ka kwanta a gefe da filo tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da filo a ƙarƙashinsu. Gashi da ruwan ɗumi minti 15 zuwa 20 yana sassauta naman da ya ɗaure. Ruku'u da sujada in suna harba maka ciwon, ka yi yadda za ka iya, addini ya yi rangwame.

Magani: ibuprofen miligiram 400 sau uku a rana bayan cin abinci, na kwanaki kaɗan, matuƙar ba ka da olsa, ciwon ƙoda ko hawan jini. Mai juna biyu kada ta sha sai da izinin likita. Kada ka haɗa shi da diclofenac ko piroxicam, dangi ɗaya ne, ciki da ƙoda suke ci. Ka guji haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda, sau da yawa akwai dexamethasone a ciki, mai kumbura fuska, ya tada suga, ya rarake ƙashi. Tramadol kuwa kowa ya ga abin da ta yi wa matasa. Ƙaho da tsaga a fata suke tsayawa, ba sa kai wa ga faifai. Kuma kada ka yarda wani ya taka maka baya ko ya fizge shi da sunan ɗori, ba karaya ba ce.

Waɗannan kuwa ba a kwana da su: fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zubowa ba ka sani ba, ka kasa riƙe bayan gida, tsakanin cinyoyi da wajen al'aura su mutu har ba ka jin ruwa wajen tsarki, ciwon ya kama ƙafa biyu, ko tafin ƙafa ya saki har silifas na suɓucewa. Ko tsakar dare ne a tafi babban asibiti, jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya barin mutum da lalura ta har abada.

In babu ko ɗaya cikinsu, ba sai ka kashe kuɗi a hoto yanzu ba. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna faifai ko jijiya, wani hoto na musamman da ake kira MRI ke nunawa, kuma mutane da yawa marasa ciwo in aka ɗauke su za a ga faifansu ya ɗan turo. Idan ka kai sati 6 babu sauyi, ka nemi sashen gashin ƙashi a babban asibitin da ke kusa da kai, in kana Kano akwai asibitin ƙashi na Dala. Su za su duba ko akwai buƙatar MRI, da allurar baya ko tiyata in ta kama. Ranar da ka koma ɗaukar kaya, ka durƙusa da gwiwa, kayan na manne da jiki, ka juya da ƙafa ba da ƙugu ba. Buhu kuma a kama maka.