Ƙarar "tak-tak" a inji da sassafe

Malam, ka ce tsohuwar Corolla ɗinka tana yin "tak-tak" idan ka tayar da ita da safe, in ta yi zafi kuma ƙarar ta ragu. A sanyin Jos, musamman lokacin hunturu, wannan ba baƙon abu ba ne. Baƙin mai yana yin kauri cikin dare, sai ya ɗan jima kafin ya hau saman inji.

Fara da zaro sandar gejin mai kafin ka kunna motar. In ya yi ƙasa ko ya yi baƙi ƙirin, juye shi ka canza filta. Ka daina amfani da mai kaurin nan 20W-50 da bakanikai ke son ɗura wa kowace tsohuwar mota. 10W-40 ya fi saurin zagayawa a sanyi.

In ƙarar ba ta tafi ba, ɗauko dogon sukundireba, ka ɗora bakinsa a jikin inji, ka kara kunne a mariƙin, amma ka kula da fanka da bel. Ƙara siririya daga sama, yawanci bawul ne ke neman saiti. Kukan "ƙiii" kuwa fanbel ne ya saki.

Wadda nake tsoro ita ce "dum-dum" mai nauyi daga ƙasa, wadda ke ƙaruwa in ka taka totur, balle in fitilar baƙin mai ta kama. Kashe motar nan take, a ja ta zuwa gareji, kafin injin ya buga.