Kalandar Yahudawa da zamanmu a New York

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ka tambaya me ya sa yaranmu na Bronx ke samun hutu a Satumba ko Oktoba alhali ba Sallah ba ce, ba kuma Kirsimeti ba. Hutun Yahudawa ne. Makarantun gwamnati a nan suna rufewa don sabuwar shekararsu da ranar babban azuminsu, Yom Kippur, kuma tun 2015 aka sa Sallolinmu biyu cikin jerin.

Watanninsu na wata ne kamar namu, kwana 29 ko 30, ranarsu ma da faɗuwar rana take shiga. Inda muka rabu shi ne su suna ƙara wata na goma sha uku, sau 7 a kowace shekara 19, sai watan Adar ya zo sau biyu. Da wannan suke daidaita lissafinsu da shekarar rana. Mu azuminmu yakan ja baya da kwana 10 ko 11 duk shekara har ya zagaye sanyi da zafi, su kuwa bikinsu kamar akuyar da aka ɗaure a turke ne, ya yi gaba ya yi baya iyakar tsawon igiya.

Shekararsu da watan Tishri take farawa, ɗaya ga watan kuma ba ya wuce tsakanin 5 ga Satumba da 5 ga Oktoba. Shekarar 5786 ta shiga ne da yammacin 22 ga Satumba 2025. Heshban, Kisleb, Tebet, Shebat da Adar su ne na kaka da sanyi, Hanukka, bikinsu na kunna fitilu, na faɗowa 25 ga Kisleb, galibi cikin Disamba. Nisan, watan Idin Ƙetarewa, bikin tunawa da fitarsu daga Masar, yana tsakanin Maris da Afrilu. Sauran, Iyar, Siban, Tammuz, Ab da Elul, su kai ka ƙarshen zafi.

Tishri ne direbobin tasinmu suka fi sani, don abin ya shafi aljihu. A ranakun bikinsu shaguna a Borough Park da Williamsburg, unguwannin da Yahudawa suke da yawa, sukan rufe, titi ya yi tsit, wanda ya saba ɗaukar fasinja can sai ya sake unguwa. Ran 15 ga watan za ka ga bukkoki na katako da rufin gora a baranda da bakin gida, mutum da gidan bene amma a ciki yake cin abinci mako guda. A irin ranakun ma gari yakan ɗage dokar kawar da mota don sharar titi, abin da ko malamin masallacinmu yana murna da shi.

Wani lokaci lissafi kan haɗu. A 2023 Idin Ƙetarewarsu ya zo tsakiyar Ramadan, muna sayen dabinon buɗa-baki, suna sayen gurasa marar yisti. A 2006 kuwa azumi da Tishri kusan tare suka kama.

A gaishe da Inna da yara.