Na'urar tayar da mota: wacce zan saro, kuma guda nawa?

Wani mai shagon batira da kayan wutar mota a Ƙofar Ruwa, Kano, ya aiko da tambaya. Ya ce masu saye sun fara neman 'yar na'urar nan da ake maƙala wa batir ta tayar da mota, wadda wasu ke kira fawa-bank ɗin mota. Dillali ya nuna masa kala biyu: ɗaya an rubuta mata 99,800mAh kuma da araha, ɗayar 20,000mAh amma kuɗinta ya ninka. Yana tunanin sarar guda 100 na mai arahar.

Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Hajar tana da masu nema, domin yawancin motocin Kwatano otomatik ne, turi ba ya tayar da su. Amma kada ka sari ɗarin nan, kuma kada ka sari mai 99,800 ko guda.

Ɗora ta a sikeli ka gani. Lambar mAh da ke jikin kwali, wato ma'aunin cajin da batir ke ɗauka, yawanci a kan 3.7V ake lissafa ta, wato ƙarfin ƙwayar batirin litiyam guda. In ka ninka 99,800mAh da 3.7V za ka samu wajen 369Wh, Wh kuwa ita ce ma'aunin jimlar wutar da batir ke riƙewa. Ƙwayoyin da za su riƙe wannan wutar, ko mafi inganci ne, nauyinsu ba zai gaza kilo ɗaya ba. In na'urar ba ta kai rabin kilo ba, ƙarya ce a kwalin. Mai 20,000mAh kuwa 74Wh ke nan, kuma wannan abu ne mai yiwuwa. Saboda haka lambar Wh za ka nema a bayan na'urar, wadda babu ita a jikinta ka ajiye ta.

Ko Wh ɗin ma ba ita ke tayar da inji ba. Ita tana gaya maka sau nawa za a iya tayarwa kafin caji ya ƙare. Abin da ke juya kik shi ne yawan wutar da na'urar ke iya turawa lokaci guda, cikin daƙiƙa uku zuwa biyar, wadda ake aunawa da A, wato amfiya. Ka dubi wata irin na'urar, NOCO GB40: 24Wh kacal gare ta, amma kamfanin ya rubuta mata 1000A, injin fetur har lita 6, na dizal har lita 3. A nan ma akwai tarko. Babbar lambar da ake bugawa a gaban kwali ƙololuwa ce ta ƙiftawar ido, kuma kowane kamfani da yadda yake aunawa. Abin da ya fi amfani shi ne girman injin da aka ce tana ɗauka. Corolla mai 1.8 ko Camry mai 2.4, mai 1000A ta kamfanin kirki ta wadatar. Hilux da Hiace masu dizal gara a ba su mai 1500A zuwa 2000A, don matsin injin dizal ya fi yawa. Tirela da manyan tifa yawanci 24V suke, waɗannan ƙananan 12V ne, kar ka sayar wa direbansu ko ya nace.

Sai wayoyin da bakunan da ke cizon kan batir, wurin da masu araha ke rage kuɗi. Buɗe bakin ka duba: haƙoran jan ƙarfe ne ko gwangwani aka yi wa fenti? Muƙamuƙan biyu duka a haɗe suke da waya, ko ɗaya kaɗai ke ɗaukar wuta? Wayar ta zama gajeruwa mai kauri, domin siririya zafi take yi, wutar ta ƙare a hanya kafin ta isa kik. Dole kuma a samu 'yar kwakwalwar kariya da ke ƙara ko nuna jan haske ta hana wuta fita in an juya ja da baƙi. Mai saye a cikin duhu, hankalinsa a tashe, zai juya su wata rana. Na'ura marar kariya tana iya ƙona fiyus, ko altaneta, ko kwamfutar mota, kuma shagonka za a zo da rigimar. Ka tambaya ko tana da maɓallin tilastawa, don masu kariyar ba sa gane batirin da ya mutu murus. Amma danna shi yana cire kariyar, wannan sai ka faɗa wa mai saye baki da baki.

Abin da zan ba ka shawara: sayi guda biyu na kowace kala da kake sha'awa, ka cika su da caji. Kana da tsofaffin batira a shago. Sa wanda mita ke nuna ƙasa da 11.5V a tsohuwar mota, ja a kan alamar tarawa, baƙi a kan ta ɗebewa, a ba da kik na daƙiƙa uku zuwa biyar, in ta tashi a cire nan take. A huta minti ɗaya a sake. Ƙirga sau nawa ta tayar, taɓa wayar ka ji zafinta, duba ko jikinta ya kumbura. Wadda ta ci jarrabawar nan ita za ka sara, guda goma zuwa goma sha biyar a karon farko.

Dalilin taƙaita yawan shi ne wannan haja ba filogi ko fanbel ba ce da za ta shekara uku a kanta ba abin da ya same ta. Litiyam yana tsufa ko ba a taɓa shi ba, zafi kuma yana gaggauta tsufan. Shagon kwano a watan Afrilu wuri ne mai cin jari. Ajiye su ƙasa-ƙasa a inuwa, da caji rabi ko sama da haka kaɗan, ka duba su duk wata uku, wadda ta riga shigowa ta riga fita. In ka samu mai ƙwayar LiFePO4, wani nau'in litiyam, ta fi jure zafi, ko da ta ɗan fi nauyi da tsada. Zaɓi mai caji da USB-C, saboda mai caja ta musamman in ta ɓace an shiga nema.

Yi lissafin dawowar kaya kafin ka biya. A ce ribarka kashi 20 cikin ɗari na kuɗin sari ce. Guda ɗaya da aka dawo da ita ta cinye ribar biyar, ashirin cikin ɗari kuwa sun cinye ta ɗarin gaba ɗaya. Don haka ka nemi dillali ya rubuta maka canji na aƙalla wata uku, kai ma ka rubuta lambar na'ura da ranar saye a rasit. In kai za ka shigo da su daga Sin, tambayi takardar gwajin batirin litiyam ta UN38.3 da masu jigila ke nema, da ta SONCAP, wato shaidar inganci ta hukumar SON.

Duk wanda ya zo saye, auna masa motarsa tukuna. Lafiyayyen batir a kashe yana nuna wajen 12.6V, inji na aiki kuma 13.8 zuwa 14.4. In bai kai haka ba a kunne, altaneta ce ba ta caji, tura shi wajen mai wayarin. In batirin ne ya gaji, na'urar za ta tayar da shi yau, gobe ya sake kwanciya, sai ka nuna masa sabon batir a kanta.