Me zan ciyar da ɗan ƙadangarena mai gemu?

Tambaya: Malam, na sayo ɗan ƙadangaren nan na Ostireliya mai gemu, watansa biyu. Ina yanka masa latas da karas amma ko kallo ba ya yi. Ko in ba shi soyayyar fara?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ba shi soyayyar fara. Gishiri da yaji da man da ke jikinta za su cutar da shi. Ƙin cin ganye kuma ba abin tayar da hankali ba ne a wannan shekaru. Babba ne ke dogara da ganye. Ƙarami yana cikin girma, nama yake nema, wato ƙwari masu rai da zai ga suna motsi ya kai musu cafka.

Ka samo masa ƙananan gyare, ko irin kyankyason nan mai suna Dubia da ake kiwo musamman don dabbobi, ko tsutsar baƙin ƙudan nan da ake kira "black soldier fly". Ma'aunin yana kan fuskarsa: duk ƙwaron da ya fi tazarar da ke tsakanin idanunsa tsawo, ya yi masa girma, zai iya toshe masa hanji har ƙafafun baya su mutu. Ba shi sau biyu ko uku a yini, ya ci iya cinsa cikin minti goma zuwa goma sha biyar, sannan ka kwashe sauran. Gyaren da ya kwana a keji yakan ciji dabbar tana barci.

Abin da ya fi damuna shi ne kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Ƙwari ba su da shi sosai, don haka sai ka zuba su a leda da ɗan garin kalsiyam, ka girgiza har su yi fari-fari kafin ka miƙa masa. Garin kaɗai ba zai wadatar ba idan babu fitilar UVB, wato fitila ta musamman mai fitar da wani nau'in haske irin wanda ke cikin hasken rana, domin da haskenta ne jikinsa ke sarrafa bitamin D3 ya sha kalsiyam ɗin. Hasken rana ta gilashin taga ba ya maye gurbinta, gilashi yana tare wannan haske. Idan aka rasa waɗannan biyu, muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su karkace, ka ga yana rawar jiki. Wurin shan ɗumi kuma ya kai kamar digiri 40 a ma'aunin Celsius, in ba haka ba abincin ba zai narke ba.

Ganye ka ci gaba da ajiye masa kullum da safe, yankakke ƙanana, don ya saba: gogaggiyar kabewa, ɗan kuɓewa, ɗan karas. Latas ruwa ne kawai. Alayyafo kaɗan-kaɗan, yana ɗaure kalsiyam. Fiya (avocado) da albasa kuwa sam.

Ƙwarin gona ko na bayan gida ka bar su, wataƙila an fesa musu magani. Su kuma ƙwarin nan masu walƙiya da dare, ɗaya tak na iya kashe shi. In ya kwana uku bai ci komai ba, kai shi wurin likitan dabbobi.