Shin wasanni masu kama da zahiri za su kori masu salon zane?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙarfin na'urorin yanzu zai sa a daina yin wasannin bidiyo masu salon zane. Ni ban ga alama ba.

Wasan da ya dogara da kama da zahiri shi ya fi saurin tsufa, domin na'urar da za ta biyo baya sai ta tona masa asiri. Dubi fuskokin wasannin 2002 yanzu, sai ka ce gumaka. Amma wasan The Wind Waker na kamfanin Nintendo, wanda ya fito da salon katun a wannan shekarar, har gobe yana da kyan gani. Minecraft kuwa, duk tubala ne, amma an sayar da kwafi sama da miliyan 300.

Ingancin haske da inuwa na katunan RTX na kamfanin Nvidia, masu sarrafa hoto a kwamfuta, tun 2018, yana burge ni ƙwarai. Sai dai ba kowa ke da kwamfutar da za ta ɗauka ba.