Me ya sa aka fara ƙirgen shekarar Musulunci daga Hijira?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa ba a fara lissafi daga haihuwar Manzon Allah (SAW) ko daga saukar wahayi ba. To, a zamaninsa ma babu wannan ƙirge. Larabawa suna kiran shekara da babban abin da ya faru cikinta, shi ya sa ake cewa an haife shi a Shekarar Giwa, wajajen 570 miladiyya.

Sai a halifancin Sayyidina Umar (RA), wajen shekara ta 17 bayan Hijira, sahabi Abu Musa al-Ash'ari, gwamnan Basra, ya koka cewa wasiƙu na zuwa masa babu shekara a jiki. Ka ga takarda an rubuta Sha'aban, amma na bana ne ko na bara? Umar ya tara sahabbai. Wasu suka kawo haihuwa, wasu farkon aike, wasu wafati. Haihuwa da aike akwai saɓani kan lokacinsu, wafati kuwa tuna baƙin ciki ne. Hijira ta shekarar 622 kowa ya shaida ta, kuma ita ce ta fitar da musulmi daga shekara 13 na tsangwama a Makka zuwa Madina, inda suka samu masallaci da iko.

Abin da mutane ke rikicewa a kai: Annabi ya isa Ƙuba, kusa da Madina, ne a Rabi'ul Awwal, ba Muharram ba. An ɗauki Muharram a matsayin watan farko ne saboda lokacin alhazai sun dawo gida, kuma dama shi ne farkon shekara a wurin Larabawa.