Ga ɗan'uwan da tunani ya hana shi barci

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce tunani ya hana ka barci, ka ga Turawa suna koyar da zama shiru ana bin numfashi, kana tambaya ko yana da amfani.

Ni tela ne a Bukoki, nan Yamai. Shekarar da mahaifinmu ya rasu, nauyin gida ya dawo kaina, sai in kwana ina juyi har kiran assalatu. Aka auna ni a likita, aka ce tansiyo ya hau, wato hawan jini. Alhali lazimina ban taɓa fashi ba: istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma. Sai dai jan shi nake kamar ana bi na, yatsa na kan carbi, hankali na kan ɗinkin mutane.

Wani dattijo da muke wazifa tare, mai yawan zuwa Kiyota, garin shehunan Tijjaniyya nan Nijar, shi ya lura. Ya ce mini ƙirga nake yi, ba zikiri ba. Ya sa in zauna bayan asuba, in fuskanci gabas, in bar waya a ɗaki, in saki kafaɗa, kowace hailala in ba ta numfashinta guda. Makon farko wallahi na sha wuya. Da na rufe ido sai kuɗin haya da bashin yadi su faɗo mini. Ya ce kada in yi kokawa da su, in dawo kan kalmar kawai. Kafin wata biyu na soma barci, maiɗakina ce ma ta fara cewa faɗana ya ragu.

Wanda ka gani a intanet, Jon Kabat-Zinn ya shigo da shi asibiti a Amurka a 1979, horon mako 8, daga zaman mabiya Buda ya ɗauko. Abin da ke aiki a jiki sananne ne, in ka fitar da numfashi a hankali bugun zuciya yana sauka. Mu kuwa muna da namu tun kogon Hira, ga kuma aya ta 28 a Suratur Ra'adi da ta ce da ambaton Allah zukata ke natsuwa.

Ka fara da minti 10, kada ka ɗauko da yawa. In likita ya ba ka magani, don Allah ka riƙe shi, ni har yau ina shan nawa kowace safiya. Allah ya ba ka lafiya.